Motar da Ta Gagari Mai Faci

Duk wanda ya halarci ɗaurin auren nan na bayan ƙaramar Sallah ya ga motar. Ba sai mun faɗi gidan da aka yi bikin ba, kowa ya sani, kuma masu gidan ba su da laifi a wannan magana. Ja ce wur, mai ƙofa biyu, ta lafe a ƙasa kamar ƙadangare, in ta yi gurnani har tagogin maƙwabta sai sun amsa. Wani cikin abokan ango ne ya aro ta daga wajen maigidansa a Abuja, wai don a fita kunya. Yara suka yanyame ta, samari suka yi ta ɗaukar hoto, har da wasu dattawa muka gani suna leƙa ciki suna tubarkalla.

Yadda ranar ta ƙare ne ba kowa ya gani ba. Da la'asar sakaliya, tsakanin Madalla da Zuba, motar ta afka wani rami, tayar gaba ta hannun dama ta tsage a gefe. Wannan ai abin yau da kullum ne. Da Golf ce ko Sharon ta haya, minti goma sha biyar sun isa a ɗaura safaya a ci gaba da tafiya. To aka buɗe gaba, aka buɗe baya, babu safaya, babu jak, babu sifana. Abin da aka samu shi ne wata 'yar kwalbar ruwan gam da ɗan famfon lantarki.

Aka ɗauko mai faci a kan babur, mutumin da ya haura shekara ashirin yana kwance tayoyin tirela da tanka. Ya durƙusa ya duba, ya sake dubawa, sannan ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce, “Alhaji, ina notikan suke?” Noti ɗaya ne tak, ƙato, a tsakiyar wili. Ya ce, “Ni dai ba ni da abin da zai kama wannan. In na sa guduma na ɓata shi, ni da 'ya'yana ba za mu iya biya ba. Ku yi haƙuri.” Janwe ma da ta zo ba ta iya ja ba, don motar ta cika ƙasa, ana ɗaga gaba baya zai daki kwalta. Sai da aka jira irin motar nan mai shimfiɗaɗɗen baya daga Abuja, ita kuwa ba ta iso ba sai wajen sha ɗayan dare. Yaranmu biyu, 'ya'yan wannan unguwa, suna tsaye a bakin titi cikin babbar riga tun hantsin yamma har wannan lokaci, suna gadin dukiyar da ba tasu ba. Allah ya tsare, ba abin da ya same su. Amma iyayensu mata ba su yi dariya ba da aka ba su labari.

Maganarmu a nan ɗaya ce, kuma ba za mu yi mata kwaskwarima ba. Motar da mai facin Suleja ba zai iya kwance wa taya ba, ko wadda ba ta ɗauke da tayar da za a sauya, ba motar hanyarmu ba ce, kome tsadarta, kome kyanta. Wanda ya ɗauki iyalinsa ko 'ya'yan mutane a cikinta ya miƙi hanyar Kaduna ko ta Minna, ganganci ya yi.

Bari mu fara da shi notin nan tilo, don abin dariya ne in ka ji asalinsa. Wani kamfanin Ingila mai suna Rudge-Whitworth ne ya fito da wili mai ɗaurin tsakiya tun kafin Yaƙin Duniya na Farko, lokacin da hanyoyin Turai suke cike da ƙusoshin takalmin dawaki, faci kuma ya zama abincin direba. Daga baya aka yi wa notin kunnuwa biyu, ka buga da guduma ya kwance, ka zare wili, ka sa wani, ka sake bugawa. Wato dai an ƙirƙiro shi ne musamman don sauƙaƙa wa mai faci. Masu tseren motoci suka rungume shi, don a wajensu daƙiƙa ɗaya kan raba na farko da na biyu. A gasar Formula 1 da aka yi a Ƙatar a watan Oktoban 2023, ma'aikatan McLaren sun sauya tayoyi huɗu cikin daƙiƙa 1.8. Kafin ka ce “salamu alaikum” a amsa maka, an gama.

Amma duba abin da ke kewaye da wannan saurin. Mutum kusan ashirin ne ke jiran mota guda, uku a kan kowace taya: mai riƙe da bindigar iska, mai zare tsohuwa, mai cusa sabuwa. Ga masu jak gaba da baya. Ga sababbin tayoyi a jere an ɗumama su. A nan noti ɗaya yake da ma'ana. Kai kuwa da kake tsaye a Gauraka da daddare da fitilar waya a baki, ina mutum ashirin ɗinka?

Kamfanoni irin su Porsche da Ferrari da Lamborghini sun ɗauko wannan tsari sun sa a wasu motocinsu na hawa titi, don mai saye ya ji kamar shi ma ɗan tsere ne. To tunda aikin noti biyar ya koma kan guda, dole a ɗaure shi ɗaurin da ya wuce hankali. Injiniyoyi na auna ƙarfin ɗauri da wani awo da suke rubutawa Nm. Notin Corolla ko Camry 103 yake buƙata, yawancin ƙananan motoci kuma tsakanin 100 da 140 suke. Notin tsakiya na Porsche 911 GT3 kuwa 600 ne. Ga yadda za ka gane: ka sami ƙarfe mai tsawon mita ɗaya, ka rataya masa nauyin kilo 60 a ƙarshe, wato buhun siminti da ɗoriya. In kuwa da sifanar da muka saba ce, mai tsawon kamu ɗaya ko ƙasa da haka, sai ka tara nauyin buhun siminti wajen uku zuwa huɗu a kanta kafin ka kai wannan awo. Kuma ba a nan ta tsaya ba. Akwai soket na musamman da ke danna wani makulli a tsakiyar notin kafin ya juya. Akwai giris na musamman da ake shafawa. Ana ɗaurewa ne taya na sama ba ta taɓa ƙasa ba, wani yana ciki ya take birki, a ɗaure, a ɗan sassauta, a sake ɗaurewa, sannan a tabbatar makullin ya dawo mazauninsa. A kuskure ɗaya daga ciki, to ba noti huɗun da za su riƙe maka wili in ɗaya ya saki, don babu su. A wata motar tasu ma, Carrera GT, notin hagu da na dama ba gefe ɗaya suke juyawa ba, har sai da aka bambanta su da launi, ja da shuɗi, don kada makaniki ya ruɗe.

Ko da a ce an kwance, me za a ɗaura? Irin waɗannan motoci tayar gaba daban, ta baya daban. A sabuwar GT3 wilin gaba inci 20 ne, na baya 21, faɗin tayar baya kuwa milimita 315. Babu inda za a ajiye irin wannan a motar da but ɗinta bai fi jakar matafiyi ba. Je ka kasuwar kayan mota ta Zuba ka tambayi wannan lamba ka ga irin kallon da za a yi maka. Kuma kada a manta, Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a Ikeja a 2008. Yawancin tayoyin da ka gani, jirgin ruwa ne ya kawo su, kuma ɗan kasuwa abin da zai fita da wuri yake saro wa.

Mu ba ma ganin laifin masu ƙera motar. Sun yi ta ne don mutumin da titin garinsu yake sumul, wanda in ya yi faci zai buga waya a zo a ɗauke shi da motar cikin sa'a guda, yana da wata a gida. Sun san da wa suke. Mu ne ba mu san da wa muke ba.

Mun san abin da wani zai ce a majalisar bakin masallaci in ya karanta wannan: “Kai jama'a, mutum nawa ne ke da irin wannan mota a Suleja? An rasa abin rubutu ne?” Gaskiya ne, ba su da yawa, yawanci ma baƙi ne daga Maitama da Asokoro. Sai dai cutar ba a kan masu kuɗi ta tsaya ba, ta gangaro mana ƙasa-ƙasa, kuma tamu ta fi muni, don su suna da kuɗin janwe.

Ga ta farko. Yaro ya tara kuɗi da guminsa ya sayi Camry ko Accord 'yar Beljiyam, abin farin ciki. Mako bai zagayo ba ya cire wilin da ta zo da shi ya sa ƙato mai walƙiya, da taya siririya kamar an naɗa roba. Lambar da ke jikin taya tana gaya maka komai, in ka iya karanta ta. In ka ga 205/65, faɗin tayar milimita 205 ne, tsayin gefenta kuma kashi 65 cikin ɗari na wannan faɗin, wato kimanin milimita 133. In ka koma 225/40, gefen ya dawo milimita 90. Wannan gefen shi ne katifar da ke tsakanin bakin rami da ƙarfen wili. Ka rage kashi ɗaya cikin uku na katifarka, sannan ka shiga hanyar Maje inda tankokin mai suka gama da kwalta. Sakamakon kowa ya san shi: taya ta yi ƙari a gefe, wili ya lanƙwashe ko ya tsage, iska na zurarewa a hankali, kullum da safe sai an biya wajen mai faci. Facin gefe kuwa ba faci ba ne, yaudarar kai ce, don gefen taya kullum cikin lanƙwasa yake, ba ya riƙe gyara.

Ta biyu, notin makulli. Motoci da yawa na zuwa daga Turai da Amurka da noti ɗaya a kowane wili wanda sai da ɗan makullinsa yake kwancewa, maganin ɓarayin taya. Dabara ce mai kyau. Amma kafin mota ta ratso teku, ta kwana a tashar jirgi, ta bi hannun dillalai uku, ɗan makullin nan ya yi ɓatan dabo. Mai mota bai ma san da shi ba sai ranar da ya yi faci. Mun ga magidanci da safaya lafiyayya, da jak, da sifana, amma ya kwana a Lambata saboda ƙarfen da bai kai babban yatsa ba.

Ta uku, motar da ba ta zo da safaya ba sam. Kamfanoni da dama yanzu sun daina sawa don rage nauyi da kuɗi, sai su ba ka kwalbar gam. Gam ɗin nan ƙaramar huda yake toshewa, irin ta ƙusa a tafin taya, kuma yana da ranar lalacewa, wanda a motar da ta shekara goma kafin ta iso gare ka ya daɗe da wucewa. Ba ya yi wa tsagar gefe komai, ita ce kuwa ramukanmu suke yi. Wasu motocin, musamman BMW, suna zuwa da taya mai taurin gefe wadda za ka iya ci gaba da tafiya a kanta ko iska ta fita, amma iyakarta kimanin kilomita 80, a gudun da bai wuce 80 ba. Daga nan zuwa Minna kimanin kilomita 100 ne, Kaduna kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. Kuma mun san yadda ake yi: ranar da waɗannan tayoyin suka ƙare, mai mota ya ji farashinsu, sai ya sa na gama-gari masu sauƙi. Shi ke nan, ga shi ba taya mai taurin gefe, ba safaya, ba jak. Ya zama mai motar tsere ba tare da motar tseren ba.

Sai kuma waɗanda da hannunsu suka fitar da safaya don a sami wurin manyan lasifikoki. Waɗannan ba mu da abin ce musu. Masu sa tukunyar gas tun da fetur ya yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafi a 2023, su kam muna tausaya musu, larura ce. Amma a tambayi mai haɗawa tun kafin ya ɗaure tukunyar: safaya za ta iya fita? Mun ga wadda tukunya ta danne, tana nan a ƙasa ana ganinta, ba ta ciruwa.

Abin da ke ba mu takaici shi ne unguwar da ake wannan a cikinta. Da yawa daga iyayenmu mota ce ta kawo su garin nan, daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya, a shekarun da ake gina sabuwar Abuja, lokacin da ma'aikatan aikin ma a nan Suleja suke kwana. Direbobi ne, da kanikawa, da 'yan kamasho, da masu faci. Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna ita ce sarauniyar hanya, kuma ba a banza ba: doguwar ƙafa, taya mai kauri, noti huɗu, kowane ƙauye akwai wanda ya san ta. Direban wancan zamani ba ya tayar da mota zuwa gida sai ya zagaya ta ya doki kowace taya da ƙafa, ya duba safaya, wani ma biyu yake ɗauka, da famfo da kayan faci. Yau jikansa ya fi shi mota, amma bai san ta inda ake kafa jak ba.

Kuma hanyar ba ta sauya hali ba. Ranar Lahadi 6 ga Maris, 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa suka rasu a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar jif ɗinsu ta fashe. Minista ke nan, a babbar mota. Sannan ba wanda ya manta shekarun da sunayen Jere da Katari da Rijana suke sa gaban matafiyi faɗuwa, har manya suka bar wa talakawa titin suka koma jirgin ƙasa. A irin wannan hanya, bambancin tsayuwar minti goma sha biyar da ta awa biyar ba maganar ɓata lokaci ba ce kawai. Kowa ya san abin da muke nufi. Mu kuma mutanen Sallah-a-gida ne, sau biyu a shekara muna loda mata da yara mu miƙa arewa, kuma sau tari dare ke riskarmu a hanya.

“Kuɗinsa ne, ina ruwanku?” Haka wani matashi ya ce mana. Da shi kaɗai abin zai shafa, da mun yi shiru. Amma in ya maƙale wa yake kira? Yayansa, ko maƙwabcinsa, ya taso mutum daga barci ya hau hanya da tsakar dare. In matarsa na naƙuda, ko tsohuwarsa ta faɗi, a wannan motar ce za a ruga asibiti. In biki ne, 'ya'yan wasu ne a kujerar baya. Wani kuma ya ce hassada ce. To, a yi ta faɗa. Wanda ya iya sayen motar miliyan ɗari uku, Allah ya ƙara masa, ya yi ta zagaye da ita a titunan Abuja inda aka share mata. Abin da muka ƙi shi ne a aro ta a ɗora wa ɗan talaka, ya shigo da ita layin da ko Keke Napep sai ya yi dabara, in ta lalace a bar shi da jidali. Kayan aro dai ba ya rufe katara, balle wanda mai faci ma ya ce ba hannunsa.

Mu ma manya sai mu taɓa namu. Akwai direbobin haya a tashoshinmu da safayarsu ta nuna wa 'yan Rod Sefti ce kawai, ta suɗe kamar tafin hannu, iska babu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta sha nanata cewa taya na da wa'adi, shekara huɗu take faɗa daga lokacin da aka ƙera ta, kuma lokacin na rubuce a jiki da lambobi huɗu: in ka ga 2319, mako na 23 ne na shekarar 2019. Mutum nawa ne cikinmu ke dubawa kafin ya biya kuɗin taya 'yar Beljiyam? Su ma masu faci, da muke ta yabo tun ɗazu, suna da nasu. A daina zura bututu a sifana ana hawa ana tsalle a kai. Notin da ke son 103 in ka ba shi ninki uku, ko dai ƙusar ta karye, ko mai mota ya kasa kwancewa ranar da yake shi kaɗai. A kuma daina cika taya da iska har sai ta yi ƙara kamar ganga. Awon da mota ke so na rubuce a jikin ƙofar direba.

Ga abin da muke nema, kuma ba ya cin kuɗi. Duk wanda zai sayi mota daga yau, kafin ya biya, ya sa dillali ya tsaya a kwance taya ɗaya a gabansa da kayan da ke cikin motar kaɗai, a ɗaura safaya, a sauke jak. In an kasa, ko a rage kuɗi ko a fasa. Mai 'yar siririyar safayar nan ya sani iska mai yawa take so, 60 a ma'aunin mai faci, kuma ba a wuce gudun 80 da ita, ta kai ka wajen gyara ne, ba Funtuwa ba. Mai notin makulli in ba shi da makullin, ya je yanzu da rana tsaka a cire su a sa na gama-gari. Iyayen ango kuma da shugabannin samari, in za a jera motocin rakiyar amarya, a sa mutum ɗaya ya bi su yana buɗe but. Wadda ba ta da safaya ta zauna a ƙofar gida a yi hoto da ita, amma ba za ta ɗauki 'yar kowa ba.

Ita kuwa jar motar, labarin da ya iso mana shi ne ta yi mako uku a wani gareji a Abuja tana jiran taya daga waje, kuma biyu aka sayo, don ba a sauya ɗaya a bar 'yar'uwarta. Yaron da ya aro ta har yanzu ana cire masa a albashi.